Hannun da ke Karkarwa da Mas'alar Zaɓin Ɗan Adam

Daga cikin hujjojin da malaman tauhidi suka dogara da su wajen tabbatar da cewa ɗan Adam yana da hannu a cikin ayyukansa, da wuya a sami wadda ta kai hujjar mai karkarwa daɗewa da yaɗuwa, kuma ƙarfinta yana cikin sauƙinta ne, domin kowane mai hankali yana jin bambanci a ransa, ba tare da an koya masa ba, tsakanin motsin hannun da ya miƙa da nufin ɗaukar abu da motsin hannun da ke kyarma saboda ciwo ko masassara. Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya rasu a Bagadaza wajen shekara ta 935, ya kafa wannan hujja a littafinsa al-Luma' domin ya raba hanya da ƙungiyoyi biyu, wato Jabariyya mabiya Jahamu ɗan Safwan, waɗanda suka ce mutum tilastacce ne a cikin duk abin da yake yi, da Mu'utazilawa, waɗanda suka ce bawa shi ke halittar aikinsa da kansa. Matsayin da ya tsaya a kai shi ne cewa motsin biyu duk halittar Allah ne, sai dai ɗaya yana zuwa tare da wani iko fararre da aka sanya wa bawa, ɗayan kuwa babu wannan iko a tare da shi. Haɗuwar ikon da aikin ita ake kira kasbu, kuma a kanta lada da zunubi suka rataya.

Hujjar ba ta tsaya a Iraƙi ba. Sa'aduddin al-Taftazani, wanda ya rasu a 1390, ya maimaita ta a sharhinsa na Aƙidar Nasafi, sannan ta ƙetaro Sahara a cikin littattafan Muhammadu ɗan Yusuf as-Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, musamman Ummul Barahina da sharhohin da aka yi mata, waɗanda suka daɗe suna hannun ɗaliban tauhidi a ƙasar Hausa, ciki har da Katsina ta su Ɗan Masani da Ɗan Marina. Saboda haka ɗalibin da ke zaune a zauren malaminsa a Dutsin-Ma ko Kurfi, idan karatu ya kai shi babin ayyukan bayi, zai haɗu da mai karkarwa a matsayin misali, kuma ba zai sha wahalar gane wanda ake nufi ba, domin a garuruwa da ƙauyukan da ke kewaye da madatsar Zobe, kamar ko'ina a duniya, akwai dattawan da hannunsu ke kaɗawa idan suna zaune, tafiyarsu ta koma gajerun taku, muryarsu ta yi ƙasa. Malaman da suka riƙe wannan mutum a matsayin hujja na tsawon shekaru dubu ba su da hanyar leƙa abin da ke faruwa a cikin kansa, kuma ba su buƙaci hakan ba, tun da an gina hujjar ce a kan abin da mutum yake ji a ransa. Sai a ƙarni na 20 aka sami hanyar leƙawa, kuma abin da aka gani ya gaskata su a wani ɓangare, a wani ɓangaren kuma ya buɗe tambayar da ta cancanci masu ilimin addini su tsaya a kanta.

Likitocin da, irin su Jalinusu na zamanin Rumawa da Ibn Sina a cikin al-Ƙanun, sun yi bayani a kan kyarma da ire-irenta, amma wanda ya fara tattara alamomin a matsayin cuta guda mai tafiya a hankali shi ne James Parkinson, wani likita a Landan, a cikin ɗan littafin da ya fitar a 1817 game da mutane shida, waɗanda wasunsu a kan titi kawai ya gan su. Bayan shekaru kimanin hamsin Jean-Martin Charcot na Faris ya sanya wa cutar sunan Parkinson, ya kuma gyara wani abu mai muhimmanci ga wannan tattaunawa, inda ya nuna cewa majinyacin bai rasa ƙarfin dantse ba, kuma ba kowannensu ke karkarwa ba. Abin da ya fi damun su shi ne sandarewar gaɓoɓi da jinkirin motsi. An gano asalin matsalar ne bayan da Arvid Carlsson na Siwidin ya nuna a 1957 da shekarar da ta biyo baya cewa wani sinadari mai suna dofamin yana cikin abubuwan da ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da su, sannan Oleh Hornykiewicz ya auna ƙwaƙwalwar mamata a birnin Biyana na Ostiriya a 1960 ya tarar da cewa wannan sinadari ya yi ƙaranci ƙwarai a kan masu cutar. Ƙwayoyin da ke samar da shi suna zaune ne a wani ɗan baƙin sashe da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, kuma kafin alamar farko ta bayyana a hannu kaso mai yawa daga cikinsu sun riga sun mutu. Daga nan aka sami maganin lebodofa, wanda jiki ke juya shi ya zama dofamin, kuma George Cotzias ne ya nuna yadda za a sha shi ya yi aiki a 1967.

Sanin sinadarin bai bayyana yadda rashinsa ke ɗaure mutum ba, kuma a nan ne aikin Mahlon DeLong ya shigo. An haife shi a Amurka a 1938, ya yi karatun likita a Harvard, a ƙarshen shekarun 1960 kuma ya shiga ɗakin binciken Edward Evarts a Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasar Amurka, inda aka ƙware wajen sanya siririyar waya a ƙwaƙwalwar biri domin a saurari bugun lantarkin ƙwayar jijiya guda ɗaya yayin da birin yake motsa hannunsa. Sassan da suka fi jan hankali a lokacin sun riga sun sami masu bincikensu, sai rabonsa ya faɗa a kan wasu curarrun tarin ƙwayoyin jijiya da ke can ƙasan ƙwaƙwalwa, waɗanda za a iya kira dunƙulen gindin ƙwaƙwalwa, kuma a lokacin ba a san aikinsu sosai ba. Ya shafe shekaru yana bin su ƙwaya bayan ƙwaya, da farko a can, daga baya a Jami'ar Johns Hopkins, har ya tabbatar da cewa ƙwayoyin da ke kula da hannu daban suke da na ƙafa da na fuska, kowane rukuni da mazauninsa. A 1986 shi da Garrett Alexander da Peter Strick suka fitar da bayanin da ya canza fannin, cewa waɗannan dunƙule suna cikin wasu zagaye ne guda biyar da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba tare da sun cakuɗe ba, kowannensu yana tashi daga ɓawon ƙwaƙwalwa na sama, ya sauka cikin dunƙulen, ya bi ta wani zango da ake kira talamus, sannan ya koma inda ya fito. Ɗaya na motsin gaɓoɓi ne, ɗaya na motsin ido, sauran kuwa sun shafi tsara tunani da auna abin da ya dace da kuma himmar yin abu.

Yadda zagayen motsi yake aiki ya saɓa wa abin da hankali zai fara zato. Mafitar dunƙulen ba ta tura gaɓoɓi su motsa, kullum aikinta shi ne dannewa, domin tana aika wa talamus saƙon hani babu ƙaƙƙautawa, kuma motsi yana samuwa ne idan aka ɗan sassauta wannan hani ga aiki guda, aka bar shi a kan sauran. Mutanen da ke zaune kusa da madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, sun san wannan tsari a zahiri, domin ruwan da ke bayan madatsa ba ya buƙatar mai tura shi, abin da ake buƙata shi ne mai buɗe ƙofar da ta dace a lokacin da ya dace ya bar sauran a rufe. Dofamin yana taimaka wa hanyar da ke buɗewa, yana rage ƙarfin hanyar da ke ƙara rufewa, saboda haka idan ya yi ƙaranci sai rufewa ta yi rinjaye. Akwai kuma cututtukan da akasin haka ke faruwa a cikinsu, kamar cutar gado da George Huntington ya bayyana a 1872, inda hanin ke yin rauni sai gaɓoɓi su riƙa fizga da murɗawa ba da son mai su ba.

An sami damar gwada wannan bayani ta wata hanya mai ban tausayi. A 1982 wasu matasa masu allurar ƙwaya a Kalifoniya suka sandare cikin 'yan kwanaki, likita William Langston ya gano cewa abin da suka yi allurarsa ya gurɓata da wata guba da ke kashe ainihin ƙwayoyin dofamin, kuma wannan guba ta ba masu bincike damar haifar da cutar a jikin biri. Da wannan guba DeLong da abokan aikinsa Hagai Bergman da Thomas Wichmann suka gano cewa wata 'yar ƙwaya da ke ƙarƙashin talamus tana bugawa fiye da kima a cikin cutar, kuma a 1990 suka nuna cewa idan aka lalata ta sai birin da ya sandare ya koma motsi. Abin mamaki ne a ce ƙara ɓata wani sashe na ƙwaƙwalwar da ta riga ta lalace shi ke dawo da lafiya, amma bayanin hani da sassautawa ya riga ya yi hasashen haka. A birnin Grenoble na Faransa kuwa, likitan fiɗa Alim-Louis Benabid ya lura tun 1987 cewa bugun lantarki mai sauri, fiye da sau 100 a daƙiƙa, yana tsayar da kyarma ba tare da an ƙone komai ba, sai a 1993 shi da Pierre Pollak suka kai wayar ga wannan 'yar ƙwaya a kan ɗan Adam, aka haɗa ta da batir da ake binnewa a ƙarƙashin fatar ƙirji. An ba DeLong da Benabid lambar yabo ta Lasker a 2014. DeLong ya ƙarasa aikinsa a Jami'ar Emory da ke Atlanta, ya rasu a 2024.

Abu na farko da wannan bincike ya nuna shi ne bambancin da Ash'ari ya dogara da shi yana da tushe a jiki. Kyarmar cutar Parkinson tana da nata tsarin bugu, wajen sau 4 zuwa 6 a daƙiƙa, tana fitowa ne lokacin da hannu yake hutawa, kuma sau da yawa takan lafa da zarar mai ita ya yi nufin kama wani abu, ta yadda motsin tilas da motsin zaɓi suke karɓa-karɓa a hannu guda cikin minti guda. Mai cewa duk motsi iri ɗaya ne bai sami goyon baya a ɗakin bincike ba.

Amma rabon motsi gida biyu bai ƙunshi halin da ya fi addabar majinyacin ba, wato halin wanda ya yi niyya cikakkiya, ya san inda zai je, ƙafafunsa lafiya lau, ƙarfinsa yana nan, amma takun farko ya ƙi zuwa, har ya ji kamar an manne tafin ƙafarsa da ƙasa. Wannan ba motsin tilas ba ne, tun da babu motsin ma, kuma ba barin aiki da gangan ba ne. Abin da ke ƙara rikitar da iyali shi ne mutumin da ya kasa ƙetare ƙofar ɗakinsa zai iya yin tafiya sosai idan aka ja masa layuka a ƙasa ya riƙa tsallakawa, ko aka riƙa ƙirga masa taku, wani ma yakan ruga da gudu idan gobara ta tashi, kuma a 2010 likitoci a ƙasar Holan sun ba da rahoton wani majinyaci da ba ya iya tafiya amma yana tuƙa keke babu matsala. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne alamar da ke zuwa daga waje, ta ido ko ta kunne, tana bi ta wasu hanyoyin da ba su dogara kacokan da zagayen da ya lalace ba. Wanda bai san wannan ba zai yanke hukuncin da ya fi sauƙi, ya ce tsohon yana da ƙiwa ne ko neman a kula da shi yake yi, tun da jiya an gan shi ya tashi da kansa.

Ilimin tauhidi yana da kalmar da ta dace da wannan hali, ko da yake ba domin shi aka ƙirƙire ta ba. Imam Ɗahawi na Misra, wanda ya rasu a 933, da Najmuddin an-Nasafi, wanda ya rasu a 1142, sun raba iko gida biyu. Akwai ikon da yake zuwa tare da aiki a daidai lokacin faruwarsa, akwai kuma ikon da ake nufin lafiyar gaɓoɓi da kayan aiki da samuwar hanya da shi, wanda yake gabatar aiki, kuma sun bayyana cewa ɗora wa bawa nauyin shari'a ya dogara ne a kan na biyun. A fahimtar yau da kullum kayan aikin tafiya su ne ƙafa da gwiwa da ƙashin baya, abubuwan da ido ke gani. Abin da binciken DeLong ya ƙara shi ne fara motsi shi ma yana da tasa gaɓar, wadda take ɓoye a cikin kai, tana iya lalacewa alhali duk abin da ke waje yana nan ƙalau. Idan haka ne, ƙa'idar malaman ba ta buƙatar gyara, jerin gaɓoɓin da take aiki a kansu ne ya ƙaru, kuma mai hukunta majinyaci da ganin ƙafafunsa ya saɓa wa ƙa'idar da ya gada ba tare da ya sani ba.

Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a ƙasar Katsina ya fi maganar bakin titi shiri wajen karɓar wannan. Littafin Ahalari, wanda yara ke fara karatun ibada da shi, ya jera halaye bakwai da ake yin sallar farilla a kansu, daga tsayuwa ba tare da jingina ba, zuwa tsayuwa da jingina, zuwa zama iri biyu, har zuwa kwanciya a kan ɓarin dama ko na hagu ko rigingine, kuma mazaunin niyya a duk waɗannan halaye zuciya ce. Sai dai cutar Parkinson tana kawo wani abu da ke buƙatar lura, domin bayan shekaru ana shan lebodofa aikinsa yakan riƙa zuwa yana ɗaukewa, ta yadda mutum guda zai iya sallar azahar a tsaye ya kasa miƙewa da la'asar, ya kuma dawo daidai da magariba. Ma'aunin iyawa a wurinsa na sa'a ne, kuma shi kaɗai ya san sa'ar da yake ciki. Haka nan maganin da ake sha sau uku ko huɗu ko fiye a yini yana sanya shi cikin waɗanda rangwamen azumi ya shafa, ko da kuwa mai kallonsa da hantsi yana ganin kamar babu abin da ke damunsa. Akwai kuma wata alama da ta fi ciwo a al'ummar da ke auna mutumci da fara'a da tsawon gaisuwa, wato daskarewar fuska, domin tsokar fuska ma tana ƙarƙashin zagayen nan, sai majinyaci ya daina murmushi da yawan ƙifta ido, muryarsa ta dusashe, a ɗauka girman kai ne ko fushi, alhali yana jin daɗin baƙonsa kamar yadda ya saba.

Game da sababin cutar, mutane da yawa a ƙasar Hausa sukan fara kai zatonsu ga iskoki ko sammu idan jiki ya yi abin da mai shi bai sa shi ba, kamar yadda aka daɗe ana yi da farfaɗiya da shan-inna, wadda daga baya aka san ƙwayar cuta ce ke kawo ta, allurar rigakafi da ɗigon baki suka kore ta har aka ayyana Afirka ta rabu da nau'inta na asali a watan Agusta na 2020. Sanusi ya bar ma'aunin da ke warware wannan ba tare da an taɓa imani ba, inda ya raba hukunci gida uku, na shari'a da na hankali da na al'ada, ya ce hukuncin al'ada shi ne tabbatar da alaƙa tsakanin abu biyu ta hanyar maimaituwa, kamar wuta da ƙuna ko abinci da ƙoshi, tare da yarda cewa mai tasiri na haƙiƙa Allah ne kuma yana iya raba su. Dukan ilimin ƙwaƙwalwa yana cikin wannan gida na uku, kuma sharaɗin shiga gidan shi ne maimaituwar da kowa zai iya gani. Alaƙar rashin dofamin da sandarewa ta cika wannan sharaɗi a kan dubban ɗaruruwan mutane, domin a ba da magani jiki ya saki, a hana shi ya sake ɗaurewa, a kashe batir kyarma ta dawo. Wanda ya ce wannan dattijo na musamman jifa aka yi masa shi ke da nauyin kawo shaida mai irin wannan ƙarfi, kafin a zargi kishiya ko maƙwabci da abin da zai raba zumunci.

Sababan da bincike ya gano kuwa wasunsu suna kusa da gida. Shekaru ne babban dalili, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu cutar sun haura miliyan 8.5 a 2019. Gado yana da nasa kaso, kuma a 2023 wani bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas take cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar ga mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne, wanda ba a gan shi a binciken da aka yi a kan Turawa ba. Sai kuma magungunan feshi, musamman farakwat mai ƙone ciyawa, wanda ƙirarsa ta yi kama da gubar nan ta Kalifoniya, kuma wani bincike a kan manoman Amurka da aka fitar a 2011 ya tarar da cewa masu amfani da shi sun fi sauran kamuwa da kusan ninki biyu da rabi. Tarayyar Turai ta hana shi a 2007, Faransa kuma ta amince a 2012 cewa cutar tana cikin cututtukan da sana'ar noma ke jawowa. Wannan bai kai a ce feshi ne sababin kowane majinyaci ba, amma ya isa ya sa manomin rani da ke goya tankin feshi a fadamun Zobe ya rufe hanci ya kuma rufe hannu, kuma ya isa ya zama abin bincike ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011 a tsakiyar yankin noma. Majinyaci daga Kurfi a yau zai nemi ƙwararren likitan jijiya ne a asibitin koyarwa na Katsina ko na Aminu Kano ko na Shika a Zariya, maganin kuma na har abada ne, tsadarsa tana kan iyali. Wani abin takaici shi ne tsohon maganin rage kyarma da ake sayarwa da sunan Exol ya fi shahara a garuruwan Arewa a matsayin ƙwayar maye da jami'an hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ke kamawa a hannun matasa.

Tambaya mafi nauyi tana cikin sauran zagayen da DeLong ya bayyana. Idan tsarin da ke sakin motsin hannu shi ne kuma yake sakin himma da sha'awa, to ashe son yin abu shi ma yana da gaɓa. Masu rubutu a kan 'yancin zaɓi sun fi son kawo gwajin Benjamin Libet na 1983, wanda ya nuna cewa wani shirin lantarki yana tashi a ƙwaƙwalwa kusan rabin daƙiƙa kafin mutum ya motsa yatsa, alhali shi bai ji ya yi niyya ba sai saura kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. An ɗora wa wannan gwaji nauyin da ya fi ƙarfinsa, domin motsa yatsa babu dalili ba shi ne irin zaɓin da ake yi wa hisabi ba, kuma a 2012 Aaron Schurger da abokan aikinsa sun nuna cewa ana iya fassara wancan shiri a matsayin hawa da saukar bugun ƙwaƙwalwa na yau da kullum. Shaidar da ke fitowa daga asibiti ta fi wannan tsanani. Majinyata da yawa suna rasa himmar yin komai ba tare da baƙin ciki ba, kuma akwai wani rukunin magunguna da ke kwaikwayon dofamin wanda yake jefa wasu cikin caca ko sayayya babu kai ko yawan ci ko matsananciyar sha'awa, mutanen da ba a taɓa sanin su da haka ba. Wani bincike da aka fitar a 2010 a kan majinyata 3,090 a Amurka da Kanada ya sami irin wannan hali a kusan kashi 14 cikin 100, kuma ya fi yawa a tsakanin masu shan wannan rukuni. Idan aka rage maganin ko aka canza shi, halin yakan gushe a mafi yawan lokuta.

A nan hujjar jin bambanci a rai ta kai iyakarta, domin mai cacar nan ba ya jin an tilasta shi kamar yadda mai karkarwa ke ji, yana jin shi ne yake so, yana tsara dabara, yana ɓoye wa iyalinsa. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa mutum tarin sinadarai ne kawai ya yi gaggawa, saboda nuna cewa lalacewar kayan aiki tana ɓata aiki bai amsa tambayar ko akwai mai riƙe da kayan ba, kuma Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, tun da can ya siffanta gaɓoɓi da gaɓɓan ji na ciki a matsayin rundunar zuciya, ya kuma sanya mazaunin tunani da hadda a sassan ƙwaƙwalwa bisa ilimin likitocin zamaninsa, ba tare da ya ga hakan ya rushe batun ruhi ba. Amma mai addinin da ya ƙi yarda cewa ƙwayar magani tana iya karkata son zuciyar mutumin kirki shi ma ya ƙi hukuncin al'ada da ya tabbata ta hanyar maimaituwa. Abin da shaidar ta nuna shi ne zaɓi yana da daraja-daraja, yana ƙaruwa yana raguwa gwargwadon lafiyar abin da ke riƙe da linzami, kuma jin da mutum yake yi a ransa cewa shi ne mai zaɓi yana iya wanzuwa bayan linzamin ya yi rauni.

Hisabin lahira a kan irin wannan mutum yana wurin wanda ya san gwargwadon abin da ya rage masa na iko, amma alƙali da malamin unguwa da iyali dole su yanke wani abu game da gonar da ya sayar da bashin da ya ci da sakin da ya furta a watannin da yake kan maganin. Malikiyya sun bambanta wanda ya bugu ta hanyar haram, wanda sakinsa yake aukuwa, da wanda hankalinsa ya gushe ta hanyar halal kamar shan magani, wanda ake ba shi hukuncin mai taɓin hankali. Majinyacin nan ya sha halal ne bisa umarnin likita, amma hankalinsa bai gushe ba, saboda haka bai zauna daidai a ɗaya daga cikin gidajen biyu ba, kuma ba a tilasta shi da barazana ba balle a ba shi hukuncin wanda aka tilasta. Babin da ya fi kusa da halinsa shi ne na hana almubazzari sarrafa dukiyarsa, inda shari'a take naɗa masa waliyyi ba tare da ta ce mahaukaci ne ba, ta kuma mayar masa da ikonsa da zarar shiriyarsa ta dawo. Bambancin da ke akwai yana sauƙaƙa wa alƙali aiki ne, domin a wannan karon farkon halin da ƙarshensa suna rubuce a katin asibiti, ranar da aka fara ba shi maganin da ranar da aka rage shi, kuma likitan da ya rubuta zai iya tsayawa shaida.